Lissafin numfashin ganye, da inda yake tuntuɓe a dajinmu

A shekarar 2010, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christian Beer na Cibiyar Max Planck da ke Jena a ƙasar Jamus suka fitar da ƙiyasi cewa tsirran doron ƙasa, tun daga kurmin Kwango har ciyawar bakin titi, suna zuƙe kabon tan biliyan 123 daga iska duk shekara. Da wannan adadi, ko makusancinsa, aka daɗe ana aiki. Sai ga shi a watan Oktoban 2024 wata tawaga da masanan Jami'ar Cornell ta Amurka suka jagoranta ta biyo ta wata hanya daban, ta ce abin ya kai tan biliyan 157. Ratar da ke tsakanin ƙiyasin biyu tan biliyan 34 ce. Duk kabon da bil'adama ke fitarwa a shekara ta hanyar ƙona fetur da gas da kwal da sarrafa siminti kimanin tan biliyan 10 ne. Wato saɓanin masana a kan aikin ganye kaɗai ya ninka hayaƙin injunan duniya gaba ɗaya sau uku da ɗoriya.

Ba ganganci ya kawo wannan saɓani ba. Babu sikelin da za a ɗora duniya a kai, saboda haka dole a auna ganye ɗaya ko fili ɗaya, sannan a bar wa lissafi ya cike sauran. Abin da ya dame ni shi ne wurin da lissafin ya fi rauni. Binciken 2010 ɗin ya nuna cewa irin dajinmu mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, wanda masana ke kira sabana, shi ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan aiki duka, kurmin ƙasashe masu zafi ne kawai ya fi shi. Jihar Kaduna kuwa a tsakiyar wannan daji take, daga tsaunukan Kagoro masu yalwar ruwa har zuwa gonakin Kudan da Makarfi. Amma ganyayen da aka auna aka gina lissafin da su, mafi yawansu na Turai ne da Arewacin Amurka. Yanzu da aka fara cinikin kabon, ana alkawarin biyan kuɗi a kan itatuwa, wannan rauni ya fita daga ɗakin bincike ya iso bakin gona.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato abin da tsiro ya zuƙa da abin da ƙasa ta riƙe. Ganye yana ɗaukar iskar kabon dayoksaid da ruwa, ya yi amfani da hasken rana ya mai da su sukari, shi ne fotosintesis ɗin da ake koyarwa a makaranta. Sai dai tsiro ma yana numfashi dare da rana, kuma kusan rabin abin da ya haɗa shi da kansa yake ƙonewa don ya rayu. Ɗaya rabin ya zama itace da saiwa da ganye da hatsi, su ma kusan duka iska suke komawa: gara ta ci, ƙananan halittun cikin ƙasa su ruɓar, gobarar daji ta lashe, mu da dabbobinmu mu ci mu fitar ta numfashi. Abin da ke saura a ƙarshen shekara kimanin tan biliyan 3 ne kacal. Wannan 'yar rarar ce ke kwashe kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin da muke fitarwa, teku ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ragowar ta tsaya a sama tana ƙara wa duniya zafi. In aka sa 3 kusa da 120, za a ga cewa kuskuren kashi biyu ko uku cikin ɗari a babban adadin ya isa ya shafe ƙaramin baki ɗaya.

Abin da ke tsayawa a sama shi aka fi sani da tabbaci, domin tun 1958 Charles David Keeling ya fara auna shi a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi. A lokacin kimanin kashi 315 ne cikin miliyan, yau ya haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu bai wuce 280 ba. Layin awon yana hawa, amma kowace shekara yakan ɗan sauka daidai lokacin da dazuzzukan arewacin duniya suka yi ganye. Wannan ya tabbatar da cewa ganye na iya motsa iskar duniya gaba ɗayanta. Abin da layin bai faɗa ba shi ne wane daji ya kwashe nawa, da kuma ko zai ci gaba da kwashewa nan da shekara arba'in. Domin amsa wannan ake gina samfurin lissafi a kwamfuta, kuma kimanin ashirin daga cikinsu ake haɗawa duk shekara a rahoton da ƙungiyar Global Carbon Project ke fitarwa.

Ginshiƙin waɗannan samfura wani furotin ne da ke cikin ganye, ana ce masa Rubisko. Shi ne ke cafke iskar kabon ya ɗaura ta a jikin sinadarin da zai zama sukari, kuma kusan duk kabon da ke jikin mai rai ta hannunsa ya biyo. Yana da aibi biyu. Na farko nawar aiki: a yawancin tsirrai ƙwaya uku ko makamancin haka yake kamawa a daƙiƙa guda, alhali wasu 'yan'uwansa a jikin halitta suna yin dubbai. Na biyu ruɗewa: yakan kama oksijin a maimakon kabon, tsiro ya yi asarar ƙarfi wajen gyara ɓarnar, kuma zafi na ƙara yawan wannan kuskure. Maganin da tsiro ya samo shi ne ya tara Rubisko da yawa, har ta kai a tsirrai irin su alkama da wake yana cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ɗin ganye. Nan ne alaƙar taki da lissafin yanayi take.

A 1980, Graham Farquhar da Susanne von Caemmerer na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera, tare da Joseph Berry na Cibiyar Carnegie a Amurka, suka rubuta 'yan layukan lissafi da suka taƙaita aikin ganye. Ma'anarsu ba ta fi ta injin niƙa wahalar fahimta ba. Garin da mai niƙa zai fitar a awa guda ya dogara da ƙarfin injinsa, da wutar da ke juya shi, da hatsin da aka zuba masa. Duk wanda ya gaza cikinsu, shi ke yanke hukunci: ko wuta ta kai wuta, ƙaramin inji ba zai wuce iyakarsa ba, kuma babban inji ba ya motsi in wuta ta yi rauni. A ganye, Rubisko ne injin, hasken rana ne wutar, iskar kabon ce hatsin. Da sassafe ko a ranar hadarin Agusta, haske ne ke gazawa. Da tsakar rana a ganyen da ke saman itace, Rubisko ne ya kai maƙura. Wannan maƙura ta Rubisko ita masana ke kira Vcmax.

Saura ƙofa. Iskar kabon tana shiga ganye ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma duk lokacin da suka buɗe ruwa na fita ta nan, ƙwaya ɗaruruwa a kan kowace ƙwayar kabon ɗaya da ta shiga. Saboda haka tsiro kullum cikin ciniki yake tsakanin yunwa da ƙishirwa. In iska ta bushe, sai ya tsuke ƙofofin ko da akwai danshi a ƙasa. A 1987 Berry da abokan aikinsa suka ƙara lissafin wannan buɗewa da rufewa. Yau kusan duk manyan samfuran yanayi na duniya da waɗannan layuka suke lissafa numfashin tsirrai, kuma ni a ganina sun cancanci wannan matsayi, domin a kan ganye ɗaya suna faɗin gaskiya ƙwarai.

Matsalar tana farawa ne daga cewa lissafin bai san Vcmax da kansa ba, sai an ba shi. Ana samun adadin ne da wata na'ura da ake maƙala wa ganye mai rai, a rufe shi a ɗan akwati, a riƙa canza yawan iskar kabon ana duba yadda yake zuƙa. Ganye ɗaya na iya cin rabin awa ko fiye. Na'urar tana da tsada, tana son batir da gyara da mutumin da ya iya ta, shi ya sa awon ya taru inda kuɗin bincike ya taru. Tun da ba za a iya auna tsirrai dubu ɗaruruwa ba, sai aka kasa su gida goma sha wani abu: itacen ƙasar zafi mai zubar da ganye, wanda ba ya zubarwa, ciyawa iri kaza, amfanin gona iri kaza. Kowane gida aka ba shi adadi ɗaya. A 2014 Alistair Rogers na ɗakin bincike na Brookhaven ya bi samfuran ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa adadin da suke ba gida guda ya sha bamban ƙwarai tsakaninsu, kuma wasu ba daga awon ganye suka samo nasu ba, an juya adadin ne har jimillar duniya ta fito yadda ake tsammani. A irin wannan tebur, doka da kaɗanya da ɗorawa da marke da kuka duk abu ɗaya ne.

Ga mai kallo daga Kaduna, babban rabe-raben da ya fi muhimmanci shi ne na tsirran da ake kira C3 da C4. A 1966 Marshall Hatch da Roger Slack, suna aiki a kan rake a Brisbane ta Ostireliya, suka fayyace cewa wasu tsirrai suna da wata dabara ta daban: suna fara kama iskar kabon da wani furotin da ba ya ruɗewa da oksijin, su tura ta cikin wasu ƙwayoyi na musamman inda Rubisko yake, su cika wurin da ita ninki da dama. Ta haka kuskuren nan ya kusa ɓacewa, ruwan da suke sha ya ragu, naitirojin ɗin da suke buƙata ma ya ragu, zafi kuma ya zama abokinsu. Su ne C4. Ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ire-iren tsirrai ba, amma suna yin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na fotosintesis ɗin doron ƙasa. Masarar Saminaka da Soba da Giwa, da dawa, da gero, da raken Makarfi, da acca, da gamba, duk C4 ne. Wake, waken suya, gyaɗa, shinkafa, auduga, cittar Kachia da Jaba, da itatuwan dajinmu, C3 ne, wato marasa wannan dabara.

To ga inda abin ke cakuɗewa. Manominmu yakan haɗa dawa da wake a gona ɗaya, ɗorawa na tsaye a tsakiya tana ba da inuwa, gamba na kan iyaka. A kadada guda akwai tsirrai masu amsa wa zafi da fari da ƙaruwar kabon ta hanyoyi masu karo da juna, suna raba haske da ruwa tsakaninsu. Babban samfurin yanayi kuwa yana yanka duniya murabba'i-murabba'i, kowanne kimanin kilomita 100 a faɗi. Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Ke nan garuruwan biyu, da kogin Kaduna, da fadamun Galma, da gandun dajin Afaka, da duk gonakin da ke tsakani suna iya faɗawa murabba'i ɗaya, a ce kashi kaza ciyawa, kashi kaza itace, kashi kaza gona, kowanne a lissafa shi shi kaɗai kamar bai san da maƙwabcinsa ba.

Lokacin ganye ma wani tarko ne. Hanya mafi sauƙi ta koya wa kwamfuta dajin ƙasar zafi ita ce a ce mata in ruwa ya sauka ganye ya fito, in ƙasa ta bushe ya zube. Ciyawa haka take. Itatuwa da yawa ba haka suke ba. Duk wanda ya san bazara ya san yadda itatuwan daji ke fitar da sabon toho cikin tsananin zafi, makonni kafin ruwan farko, suna ɗauka daga ajiyar jikinsu da danshin da dogayen saiwoyinsu ke kaiwa gare shi. Gawo kuma, wanda ake gani a gonakin arewacin jihar har zuwa Kano da Katsina da Damagaram, akasin dokar yake bi gaba ɗaya: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa, kuma shi ya sa lissafin da ya ɗaura ganye da ruwan sama zai sa masa sifili a daidai watannin da yake aiki. Kada a raina irin waɗannan itatuwa na jefi-jefi. A 2020 Martin Brandt da abokansa, da hotunan tauraron ɗan adam masu kaifi, suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yankin Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma, wurin da taswirori da dama ke nunawa kamar babu itace. A 2023 aka faɗaɗa ƙidayar zuwa busassun yankunan nahiyar tun daga Tekun Atilantika har Bahar Maliya, aka samu kusan biliyan 10.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce me ganye zai yi da ƙarin kabon da ke cika iska. Lissafin 1980 ya ce tsiron C3 zai ƙara zuƙa, kuma a kan ganye ɗaya hakan gaskiya ne. Hotunan taurarin ɗan adam ma sun nuna duniya ta ƙara kore tun daga shekarun 1980, wani bincike na 2016 ya danganta kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan ga ƙaruwar kabon. Daga nan wasu ke tsalle su ce hayaƙi taki ne, a daina damuwa. Gwajin fili bai goyi bayansu ba. Akwai gwaje-gwajen da ake kewaye fili da bututu, a riƙa fesa iskar kabon shekara da shekaru a sararin Allah. A Ostireliya, kusa da Sidni, an yi haka ga tsohon dajin itatuwan turare da ke kan ƙasa mai ƙarancin fosforos. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna ganye ya ƙara zuƙa da kimanin kashi 12 cikin 100, amma itatuwan ba su ƙara kauri ba, kusan duk ƙarin ya koma iska ta numfashin ƙasa da na tsirran. A jihar Illinois ta Amurka, masara ba ta ƙara zuƙar kabon ba sai a shekarar da aka yi fari, lokacin da tsuke ƙofofin ganye ya tanadar mata ruwa. Alkama da shinkafa sun ƙara yawa, amma furotin da zinki da sinadarin ƙarfe sun ragu a ƙwayarsu.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Ƙasar sabana ta Najeriya sananniya ce da ƙarancin naitirojin da fosforos, shi ya sa mai masara ba ya wasa da kamfa da yuriya. Abincinmu na yau da kullum C4 ne, wanda ribarsa daga ƙarin kabon kaɗan ce, alhali ƙarin zafi da rikicewar damina ba za su tsallake shi ba. Samfuran da suka sa fosforos cikin lissafi har yanzu 'yan kaɗan ne, ke nan yawancinsu na iya yi wa itatuwanmu alkawarin girman da ƙasa ba za ta iya biya ba. A ɗaya ɓangaren, masana irin su William Bond da Guy Midgley a Afirka ta Kudu sun daɗe suna nuna cewa ƙarin kabon na taimakon ƙananan itatuwa da ƙayoyi su mamaye ciyawa. Ga mai ƙidayar kabon wannan riba ce, ga makiyayi kuwa asarar kiwo ce.

A 'yan shekarun nan an fito da wata hanya ta kauce wa teburin nan mai adadi ɗaya. Masu ita, ciki har da Colin Prentice na Kwalejin Imperial da ke Landan, sun ce tsiro ba ya ɓarnar dukiya: zai tara Rubisko daidai gwargwadon hasken da yake samu, ba ƙari ba ragi, kuma zai buɗe ƙofofinsa daidai inda kuɗin ruwa da ribar kabon suka yi kunnen doki. In haka ne, ana iya lissafa Vcmax daga haske da zafi da bushewar iska da tudun wuri, ba sai an san sunan itacen ba. A 2019 Nicholas Smith da abokansa suka gwada wannan a kan awon da aka tara daga wurare kimanin 200, ya bayyana kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da aka gani, ba tare da an gaya masa komai game da ƙasa ba. Tunani ne mai kyau, kuma yana da amfani musamman ga wuraren da ba a yi awo ba. Amma manomin da ya ga masararsa ta yi rawaya saboda taki bai samu ba zai ce ƙasa ma tana da ta cewa. Amsar masu wannan ra'ayi ita ce, ƙasa ce ke yanke yawan ganyen da tsiro zai iya yi, haske kuma ke yanke ƙarfin kowane ganye. A dajin da ba a taɓa ba na yarda da su. A gonar da aka noma shekara talatin ba hutu, ana kwashe kara da harawa duk kaka, ina ganin sai an gwada kafin a amince.

Gwajin kuwa hanya biyu yake da ita, sama da ƙasa. Daga sama, na'urar MODIS da ke kan tauraron Terra tana auna koren duniya tun bayan harba shi a 1999. Daga baya aka gano abin da ya fi kore amfani: ganyen da ke aiki yana mayar da ɗan jan haske mai rauni, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na abin da ya sha, kuma taurari irin su GOSAT na Japan da OCO-2 na Amurka, wanda aka harba a 2014, suna iya hango shi. Da wannan haske aka gano cewa gonakin masarar tsakiyar Amurka suna aiki fiye da yadda samfura suka zata nesa ba kusa ba. Sai dai a wajenmu watan da ganye ya fi aiki shi ne watan da gajimare ya rufe sama, da rani kuma ƙurar hunturu ta dusashe hoton. Tauraro kuma ba ya ganin saiwa, alhali babban rabo na kabon ɗin sabana a ƙarƙashin ƙasa yake.

Daga ƙasa, ana kafa hasumiya sama da kan tsirrai, a ɗora mata na'urar da ke auna iskar kabon da motsin iska sau goma ko ashirin a daƙiƙa, ta faɗi abin da fili ya zuƙa da abin da ya fitar kowace rabin awa. Da ita ake gyara samfuri da tauraro duka. Akwai ɗaruruwan irinta a Turai da Amurka. A Afirka ta Yamma 'yan ƙalilan ne suka shiga manyan rumbunan bayanai, irin su Dahra a Sanagal, Agoufou a Mali, Wankama a Nijar, Nalohou a Jamhuriyar Benin da Ankasa a Gana. Wasunsu ma sun yi 'yan shekaru ne suka tsaya.

Abin takaicin shi ne, yankunan da ba a aunawa su ne ke jujjuya lissafin duniya. A 2011 ƙasa ta kwashe kabon fiye da yadda aka saba, da aka bi sawu sai aka tarar mafi yawan ƙarin daga busassun filayen Ostireliya ya fito, bayan ruwan sama mai yawa. Bincike na 2015 ya nuna cewa yankuna masu ƙarancin ruwa, irin Sahel da sabana, su ne kan gaba wajen hawa da saukar wannan rara daga shekara zuwa shekara. Kurmi ya fi riƙe kabon, amma dajinmu ya fi saurin amsawa. Sannan ga wuta. Kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake. Kabon ɗin ciyawar da ta ƙone a Disamba yakan dawo da daminar gaba, wannan zagaye ne. Bishiyar dokar da aka sare aka mai da ita buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyar Abuja da ta Kachia ba ta dawowa a damina ɗaya, in kuma aka tumɓuke kututturen aka yi gona, ba ta dawowa sam. Filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, amma babban dalili shi ne gona ta ci daji, wanda ba ajiyar kabon ba ce.

Duk wannan yanzu ya zama maganar kuɗi da doka. A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alkawarin daidaita abin da take fitarwa da abin da ƙasarta ke kwashewa nan da 2060, a shekarar kuma ta kafa Dokar Sauyin Yanayi. Rabin wannan ma'auni, ɓangaren kwashewa, daga lissafin ganye da itace da ƙasa yake fitowa. Haka duk takardar shaidar ajiyar kabon da za a sayar da sunan wani daji ko wata gona. In adadin ya yi sama, kamfanin da ya saya zai ci gaba da hayaƙi a kan ajiyar da babu ita. In ya yi ƙasa, an biya mai fili ƙasa da haƙƙinsa. Akwai kuma haɗarin a dubi sabana a ɗauka kurmi ne da ya lalace, a cika ta da turare layi-layi, kamar yadda masana suka yi gargaɗi game da shirin AFR100 na farfaɗo da kadada miliyan 100 a nahiyar. Abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi ya fi dacewa da ƙasarmu: sun bar tohon kututture ya girma a cikin gonakinsu, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan kadada miliyan 5.

Ba baƙon aiki ba ne a wajenmu. A shekarun 1970, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, J. M. Kowal da A. H. Kassam sun auna hasken da masara da gero da gyaɗa ke sha, da ruwan da suke fitarwa, da nauyin da suke ƙarawa a tsawon damina, aikin da ya zama littafi a kan noman sabanar Afirka ta Yamma a 1978. Abin da ake buƙata yau ci gaban wannan ne da kayan zamani: hasumiya a kan gonar haɗin dawa da wake a yankin Zariya, wata a kan dajin doka, wata a kudancin jihar inda ruwa ya fi yawa, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ta Jihar Kaduna da Kwalejin Gandun Daji ta Afaka suna auna Vcmax na kaɗanya da ɗorawa da gawo da gamba damina da rani, bayanan kuma a zuba su a rumbunan da masu gina samfura ke ɗiba. Sayen na'urar shi ne ɓangare mai sauƙi. Hasumiya ba ta faɗin abin kirki sai ta yi kamar shekara goma tana aiki ba yankewa, ta ga shekarar fari ta ga ta ambaliya, wanda ke nufin albashin mai kula da ita, da wutar sola, da yardar masu ƙasar da aka kafa ta a kai. Yana kuma nufin tsaro, domin dajin Kamuku na Birnin Gwari, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi dacewa da irin wannan awo a jihar, ya shafe shekaru mai bincike ba ya iya kwana a cikinsa.